Ɗaurin Sako-Sako

Duk wanda ya taɓa aiki da Mai Rodi a wurin gini ya san halinsa, ba ya iya wuce ɗauri sako-sako ya ƙyale. Shekara da shekaru sana'arsa ke nan, ya jera rodi, ya gitta wani a kai, ya naɗa waya a mahaɗar, ya murɗe da filaya har sai ƙarafan biyu sun zama kamar tare aka ƙera su. Kafin a zuba kankare yakan bi ta kan ragar rodin yana takawa, inda duk ya ji motsi a ƙarƙashin takalminsa sai ya tsuguna. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi, wai ko igiyar shanya ya gani a gidan mutane sai ya nemi izini ya ƙara mata ƙulli. Ba ƙarya suka yi masa ba, ya taɓa yi a gidan surukansa.

Filayarsa kullum tana aljihun baya, har ranar hutu. Maiɗakinsa ta ɗinke aljihun nan har ta gaji, ta ce ranar rabon gado filayar ce za ta fara miƙo hannu, tunda ta fi kowa zama kusa da shi. Shi dai murmushi yake yi. Mutum ne da ya yarda cewa yawancin abin da ke lalacewa a duniya, daga bene har kujerar falo, wani ne ya yi ganda bai ƙara murɗawa ba.

Autarsu sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, Mamana yake ce mata. Yarinya ce mai surutu da son dariya, sai dai tun da fiƙarta ta sama ta ɓangaren dama ta fito, dariyar ta koma bayan tafin hannu. Fiƙar ba ta sami wuri a layi ba, sai ta ɓullo daga can sama, ta hau kan haƙorin da ke gabanta ta rufe rabinsa, ta turo leɓe waje. In ƙawa ta buge ta a wasa, leɓen ya fashe ta ciki. Mai Rodi bai iya zancen irin wannan ba, amma duk sanda ya ba da labarin ban dariya ya ga hannun nan ya tashi ya rufe baki, sai labarin ya fita daga ransa.

Asibitin gyaran haƙorin yana saman wani kantin magani. Ranar farko shi ya kai ta da kansa, yana hawa matakala yana ƙare wa ginshiƙai kallo, don bai iya shiga gini bai duba ba. Likitar mace ce, ba ta da tsawo, da tabarau rataye a wuya, tana magana a hankali kamar wani na barci a kusa. Ta ce fiƙar za ta koma layi, amma sai an yi mata fili, wato sai an cire haƙorin da ke bayanta. Haƙori ne lafiyayye, ba rami ba tsutsa. Da aka cire aka nuna masa shi a ɗan faranti, fari tas da doguwar saiwa, sai da ya kau da kai. Shi ya ce a cire, kuma ya san in aikin bai yi ba, shi ya ba da haƙorin 'yarsa a banza.

Daga nan aiki ya hana shi zuwa, uwar ke kai ta duk wata. An manna wa kowane haƙori wani ɗan maɓallin ƙarfe mai tsagi a tsakiya, aka ratsa waya guda ta cikin tsagogin tun daga turmin haƙori na wannan gefe har zuwa na wancan. Da haƙoran suka ɗan daidaita, likita ta ce yanzu za a fara jan fiƙar baya zuwa giɓin da aka yi mata.

Yammacin ranar ne Auta ta same shi a baranda ya dawo aiki yana cire takalmi.

"Baba, wani abu yana soka min kumatu."

"Zo nan wajen haske, Mamana. Buɗe."

Ta buɗe, ya leƙa, sai ga sana'arsa a cikin bakin 'yarsa. Sauran maɓallan da 'yan zobban roba aka riƙe su a jikin wayar, amma na fiƙar da wata siririyar waya aka ɗaure shi, an naɗa an murɗe, sak yadda yake ɗaure mahaɗar rodi, sai dai wannan ba ta fi zaren ɗinki kauri ba. Wani ɗan mitsitsin sifirin, irin naɗaɗɗiyar wayar nan mai ja, ya taso daga turmin baya ya maƙale a jikin maɓallin. Bakin murɗin ne ya miƙe yake sukar kumatu.

Ya ɗauko ƙaramar filaya mai dogon baki da yake gyaran wutar gida da ita, ya wanke ta da sabulu, ya zuba mata tafasasshen ruwa, don shi ba mutumin banza ba ne. Ya kama bakin wayar zai lanƙwashe, sai ya ji ɗaurin ya motsa. Ya sake taɓawa. Rawa yake yi. Wanda ya yi ɗaurin ya murɗa har ya kusa kaiwa, sannan ya tsaya, ko ma ya ɗan warware.

Ransa ya sosu. An cire wa yarinya haƙori mai lafiya, sannan a zo wurin da ya fi ko'ina muhimmanci a yi aikin gaggawa. Ya tuna layin mutanen da ke jira a asibitin, ya ce a ransa baiwar Allah aiki ya yi mata yawa, hannu ya gaji. Sai ya murɗa a hankali, da irin hannun da ya san daidai inda waya ke kamawa ba ta tsinke ba. Ya lanƙwashe bakin ya kwantar da shi luf.

"Yaya kika ji?"

"Ya daina suka. Amma kamar ya ɗan kama."

"Yanzu ne aka yi ɗauri," in ji shi. "Kada ki faɗa wa likita, kin ji? Kuskure ne kowa yana yi, ba sai mun ba ta kunya ba."

Wata ya zagayo aka koma asibiti, Auta ta dawo da sabon ɗauri, shi ma sako-sako. Mai Rodi ya girgiza kai, ya sa aka dafa ruwa. Wata na gaba ma haka. Har abin ya zame masa al'ada, ranar asibiti yakan dawo gida da wuri. Uwar tana ganinsu a baranda, ta ɗauka bakin waya yake kwantarwa, har ta ce Allah ya sa filayar nan ta yi rana. Shi kuwa wani daɗi yake ji a ransa, yana ganin shi da likita suna aikin nan tare, ita ba ta ma sani ba.

Abin da bai sani ba, a asibitin nas ce take fara karɓar yarinya, ta yanke tsofaffin ɗauri ta zubar, ta wanke baki, sannan likita ta shigo. Likitar ba ta taɓa ganin ɗaurinsa ba. Abin da take gani kawai, fiƙa tana nan inda ta bar ta.

Wata rana ya dawo ya tarar gidan tsit. Auta tana ɗaki ta rufe ƙofa, uwar tana kicin tana goge tukunyar da ta riga ta fita tas.

"Baban Auta, likita ta ce ka zo da kanka jibi."

"Lafiya?"

"Haƙorin ya ƙi tafiya. Ta ƙara wa sifirin ƙarfi, ko gezau. Ta tambaye ni ko yarinyar ta taɓa faɗuwa ta bugi baki, na ce ta taɓa faɗowa daga keke tana ƙarama. Ta ce wani lokaci bugu yakan sa saiwa ta manne da ƙashi, su zama abu ɗaya. In haka ne, ba abin da zai ja shi." Ta ajiye tukunyar. "Sai dai a yi tiyata a cire, a sa mata na roba."

Ya zauna a kan kujerar kicin. Haƙori biyu ke nan, ɗaya ya bayar da bakinsa, ɗaya kuma za a fasa ƙashi a ɗauka, a gaban bakin yarinyar da ko makarantar sakandare ba ta gama ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene. Amma ko kusa bai kawo ɗaurinsa a rai ba. Abin da ya ce wa kansa ma shi ne, duk da taimakon da yake yi abin bai yi ba, to ina ga da ya bar shi yana rawa.

Ranar da aka ce, ya ɗauki hutu ya sa riga mai tsabta. Aka kwantar da Auta a doguwar kujera, aka jawo fitila. Nas ta ɗauko almakashinta za ta fara, likita ta shigo tana sa safar hannu.

"Bari, yau ni zan kwance. Ina so in ga komai yadda ya zo daga gida."

Ta ƙwanƙwasa fiƙar da gindin ɗan madubinta, ta saurara, ta ƙwanƙwasa na kusa da ita. Ta ce haƙorin da ya manne da ƙashi ƙara yake yi kamar an bugi ƙarfe, wannan kuwa ba ta yi, abin da ke ɗaure mata kai ke nan. Ta sa tabarau ta sunkuya, ta kai ɗan tsinkenta kan ɗaurin. Ta taɓa, ta sake taɓawa, sannan ta ɗago ta dubi nas.

"Ke kika ƙara murɗa wannan?"

"A'a, Likita. Ke kika ɗaura da hannunki, ni ban taɓa ba."

"Ni ba na ɗauri haka. Dubi yadda aka kwantar da bakin ma. Wa ya yi wannan?"

Mai Rodi ya yi gyaran murya daga inda yake tsaye. Bai so a kai ga haka ba, amma tunda an tambaya, kuma ga alama aikin ya burge ta, ba zai bari a ɗora wa nas ba.

"Ni ne, Likita. Ba komai, kada ki damu. Na ga kullum yana zuwa sako-sako, na san aiki ne ya yi miki yawa. Ɗaurin waya sana'ata ce, shi ya sa nake ɗan ƙarasa miki."

"Kullum?"

"Duk wata. Ban taɓa fashi ba."

Likita ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. Nas kuwa ta sami abin kallo a jikin bango. Sai likita ta yanke ɗaurin, ta zare babbar wayar gaba ɗaya, ta kai ta ƙarƙashin fitila ta ce ya matso. A daidai wurin fiƙar akwai wani ɗan tabo mai sheƙi, inda gefen tsagin ya ci wayar ya yi mata gurbi.

"Baba, zauna," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba, amma ya ji ɓacin ran da ke ciki.

Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani babban maɓalli, kwaikwayon na bakin yara amma ya kai girman akwatin ashana, da sandar waya mai kaurin fensir. Ta zura ta miƙa masa ta ce ya tura. Ya tura, maɓallin ya zame sumul. Ta naɗa waya ta murɗa, ta kusa kaiwa ƙarshe, sannan a gaban idonsa ta mayar da murɗin baya kaɗan. Ya tura, ya tafi, yana ɗan goga. Ta miƙa masa filayarta.

"To ɗaure irin naka."

Ya ɗaure. Ya tura da babban yatsa, ya ƙara ƙarfi har farcensa ya yi fari. Maɓallin ko motsi.

"Kai kana ɗaure ƙarfe don kada ya motsa har abada," ta ce. "Ni ina ɗaurewa don kada ya fita daga hanya kawai. Wayar nan hanya ce, a kanta haƙorin yake tafiya. Ko ba ɗauri ma tsagin da wayar suna gogar juna, rabin wahalar aikina ke nan, yadda zan rage gogar nan. Da gangan nake barinsa yana rawa."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Amma akwai kalma ɗaya da ta tsaya masa, kuma Mai Rodi ko a gaban injiniya in bai gane ba sai ya tambaya.

"Likita, kin ce tafiya. Ni na ɗauka lanƙwasa shi kike yi, kamar yadda muke lanƙwasa rodi. Haƙori ai a cikin ƙashi yake a dashe. Ta ina zai bi?"

Ta dube shi, fuskarta ta ɗan saki. Ta kunna allon da ke jikin bango, hoton ƙashin bakin Auta ya fito, saiwoyi a jere, ta fiƙar ta fi kowacce tsawo. Ta ce tsakanin saiwa da ƙashi akwai wata 'yar shimfiɗa mai rai, siririya ƙwarai. In aka matsa haƙori a hankali aka ƙi saki, shimfiɗar ta gefen da ake matsawa sai ta kira wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su fara cinye ƙashin da ke gaba suna buɗe hanya. A ɗaya gefen kuma, inda saiwar ta baro, wasu daban su zo su gina sabon ƙashi su cike wurin.

"A lokaci ɗaya?"

"A lokaci ɗaya. Ana rushewa a gaba, ana gini a baya."

"Ba a kafa katako? Ba a jira ya bushe?"

"Tana cin abinci ana yi, tana barci ana yi, tana aji ana yi."

Ya ƙura wa hoton ido. Shi ya san kankare. In aka zuba ya kama, rodin da ke ciki ya gama motsi ke nan har ranar da za a kawo guduma, kuma in an fasa an fasa. Ga shi nan ana gaya masa akwai ginin da ginshiƙi ke tafiya a cikinsa, bango yana buɗe masa yana rufewa a bayansa, ba ƙura ba ƙara ba tsagewa, kuma ginin nan a bakin Mamansa yake, wadda yake kallo kullum tana shan shayi.

Likita ta ɗauko sifirin irin na bakin yarinyar, ta maƙala a farcensa ta ja.

"Ka ji? Iyakar ƙarfin ke nan."

Da ƙyar ya ji. Bai kai nauyin makullan gidansa ba.

"Wannan ne yake tafiyar da haƙori a cikin ƙashi?"

"Shi ne. In an cika ƙarfi ma jini ya daina kaiwa wurin, ma'aikatan su tsaya. To ka ga ɗan abin da muke da shi. In gogar waya ta cinye shi, me ya rage wa haƙorin?"

Ta sake ɗaukar babban maɓallin ta nuna masa yadda tafiyar take. Tunda ta sama ake ja, saiwa kuma tana can ciki, haƙorin yakan fara karkata ne, sai kusurwoyin tsagin su ciji wayar ya tsaya. Yana tsaye saiwar tana biyowa a hankali har ya miƙe. Yarinya ta tauna abinci, wayar ta ɗan girgiza, cizon ya saki, ya zame gaba kamar kaurin gashi, ya sake karkata.

"Kamar mutum ɗaya yana matsar da kabad," in ji Mai Rodi a hankali. "Wannan kusurwa, sannan waccan."

"To kai kuma ka zo ka buga wa kabad ɗin ƙusa."

Nas ta yi tari ta juya baya. Likita ta ce ita ma da laifinta, ya kamata tun watan farko ta duba bakin kafin a kwance komai. Sannan ta faɗa masa abin da ya rage. Sifirin da ya kasa jan fiƙa bai zauna haka ba, turamen baya ya yi ta jawowa gaba, sun ci wani abu daga filin da aka yi. Abin da ya saura zai isa, amma da ƙyar, ba sauran wurin kuskure. Kuma ba za ta rantse cewa ɗaurinsa ne kaɗai matsalar ba, ta yiwu saiwar ta manne ɗin. Za ta sa sabuwar waya, ta riƙe turamen, a jira. In fiƙar ta motsa, shi ke nan. In ba ta motsa ba, maganar tiyata tana nan.

Ya tsaya yana kallo ta yi sabon ɗaurin. Ta murɗa, ta murɗa, ta mayar baya. Yatsunsa suka motsa da kansu, sai ya cusa hannuwan a aljihu.

A matakala uwar, wadda aka zo tare da ita, ta yi gaba abinta. Auta tana bayansa. Sai da suka kai ƙasa, gaban kantin maganin, ta yi magana.

"Baba, da yau ma nas ce ta kwance fa?"

Ya san amsar. Da an sa ranar tiyata, da shi da kansa zai kawo ta, ya riƙe mata hannu, ya yi ta yi wa likita godiya.

Suna isa gida ya ɗauko ƙaramar filayar ya miƙa wa maiɗakinsa ya ce ta ɓoye inda ba zai gani ba. Ta karɓa ta ce babbar fa? Ya ce babbar ba ta shiga baki. Ta ce ita dai ba ta yarda da shi ba, daga yau a bakin ƙofa babbar za ta riƙa kwana tare da takalmi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Mutumin da duk matsalar da ya taɓa gamuwa da ita hannu ya sa ya gyara, yau an ce gyaran shi ne ya cire hannu. Abu ɗaya ya riƙe daga bayanin likita, cewa tauna tana sakin cizon waya, sai ya addabi yarinya a wurin cin abinci.

"Ƙara burodi, Mamana. Tauna ta dama."

"Baba, na ƙoshi."

"Ba don yunwa ba, don ma'aikata."

Uwar ta ce in bai bar yarinya ta huta ba, haƙori zai koma layi amma ƙofar ɗaki ba za ta ishe ta wucewa ba.

A wurin aiki ya rage surutu. Ranar da aka zuba kankaren wani sabon hawa, ya tsaya a gefe yana kallon ragar da ya ɗaure tana nutsewa, injin girgiza yana ruri, mutane suna ihu suna tura baro. Duk wannan hayaniya, duk wannan ƙarfi, don a yi abin da ba zai ƙara motsi ba. Ya sa harshe ya taɓa fiƙarsa, ya ɗan tura. Shekarunsa duka yana yawo da irin ma'aikatan nan a bakinsa, suna zaune suna jiran a kira su, bai taɓa sani ba. Ya ce ikon Allah, a hankali, har wanda ke kusa da shi ya tambaye shi ko wani abu ya faru.

Da yamma in Auta tana aikin makaranta yakan zauna nesa kaɗan yana kallon gefen fuskarta. Ba abin da ake gani. Ko ana aiki a ciki, ko an manne shiru, fuskar ɗaya ce. Sau da yawa ya so ya ce ta buɗe ya duba, sai ya tuna abin da dubawarsa ta jawo, ya haɗiye.

Ana saura 'yan kwanaki a koma asibiti, da safe yana ɗaure igiyar takalmi, ya ji ta daga wajen madubin da ke kusa da banɗaki.

"Baba, zo ka ga. Wani abu ya maƙale min, na goge na goge ya ƙi fita."

Ya taso da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ja ta zuwa baranda wajen haske, ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Buɗe. Ɗaga leɓen da kanki."

Ta ɗaga. Ɗaurin yana nan sako-sako yadda likita ta bar shi. A jikin haƙorin da fiƙar ta hau, daidai gefen fiƙar, akwai wani siririn layi daga sama har ƙasa, bai fi kaurin wayar ɗaurin rodi ba. Launinsa ya bambanta da sauran haƙorin, ya fi haske, kamar bangon da aka janye kabad daga jikinsa.

Ya daɗe yana kallo. Ya san fuskar yarinyar nan tun ranar da aka miƙo masa ita a zani, ya san kowane tabo da ke gwiwarta, amma wannan wurin bai taɓa ganinsa ba, ita ma ba ta taɓa ba. Tun da fiƙar ta fito yake a rufe. Yanzu fiƙar ta ja baya ta bar shi a fili, da saiwarta da komai, ta cikin ƙashi, ba wanda ya ji ko motsi a gidan.

"Mene ne, Baba? Datti ne?"

"Ba datti ba ne, Mamana." Ya ƙara matsowa. "Haƙorinki ne. Wanda ke ɓoye. Fiƙar ta tafi."

Ta saki leɓen ta koma madubi da gudu, ta dawo tana kiran uwarta, dariya ta kubce mata, hannu ya tashi zai rufe baki yadda ya saba.

"Dakata," in ji shi. "Sauke hannun, ban gama gani ba."

Ta sauke. Ya sunkuya ya ci gaba da kallon ɗan layin nan, takalmi ɗaya a ƙafa, hannuwansa a baya sun riƙe juna gam, har motar da ke kai su wurin aiki ta gaji da yi masa hon ta tafi.